An zo aron jikata mai rigima

Hantsi bai yi ba sai ga jikata Ummi an dawo min da ita daga makarantar renon yara ta Bolari, lafiyarta ƙalau.

Ashe Maman Rifkatu, mai kula da su, baƙo take jira. Ta daɗe tana aikin ba takardar shaidar karatu, kuma makaranta ta ce ko takarda ko sallama. Baƙon jami'i ne, zai ga aikinta da ido a lissafa mata shekarunta a matsayin karatu. Shi ne ta tura masu kuka da cizo gida, ta bar salihai.

Da yamma ta shigo gidana, ta zauna.

"Hajiya, ya ce bai ga komai ba. Wai yana son ganin yadda nake lallashi, kuma ba wanda ya yi kuka. Zai dawo Alhamis. Ki ara min Ummi."

Na ce, "Wadda kika kora?"

"Ita fa. Yadda take ɗin nan."

Na amince. Har na yi mata alkawarin ɓoye takalmin da Ummi ta fi so.

Yau dai rigima ta yi rana. Masu jikoki irin tawa, ku yi magana a ƙasan wannan rubutu, ajin bai cika ba.