Gaisuwar da ta kusa ƙona ni

Lokacin nan ni mai sayar da ƙosai ce a bakin tashar Tasawa, uwar ɗiya huɗu, mai baki sai ka ce rediyo. Jini ya yi ta zubo mani ba lokacinsa ba, har lokotoro ya ce ciwon daji ne a bakin mahaifa. Daga ranar bakina ya mutu. Aka tura mu ni da maigidana wani babban asibiti can nesa, uwar mijina ta baro gonarta a Hawandawaki ta biyo mu.

Bayan an gama gashin waje, wato ƙona ciwon da wutar magani, aka ce saura na ciki. Suka sa mani wani ƙarfe a cikin jiki, suka tura ni cikin na'ura aka ɗauki hoto. Malamar asibitin ta ce da hoton nan za a auna inda wutar maganin za ta tsaya, don ta ci ciwon ta bar mafitsara da hanji. Ta ja mani kunne kada in motsa ƙuguna kafin su gama lissafi, ko da gini zai faɗo.

Ina kwance ina zufar tsoro, sai ga sallamar tsohuwa, ta lallaɓo ta ga halin da nike ciki. Jama'a, ni da tun ranar da aka kai ni gidansu ban taɓa gaishe ta ba sai a durƙushe! Kafin hankalina ya dawo jikina ya riga ya yunƙura, na ja zane na tashi zaune. Nan take na ji abin ya gota a cikina.

Na koma na kwanta. In na faɗa, za a sake sa ƙarfen, kuma na san azabarsa. In na yi shiru, wa ya san abin da wuta za ta ci? Har an fara tura gadona zuwa ɗakin gashin bakina na rufe, sai a ƙofar ɗakin na fashe da kuka na ce na motsa. Aka sake hoto. Lokotoro ya nuna wa maigidana yadda ƙarfen ya karkata wajen mafitsara, ya ce da an kunna haka, wataƙila da ban sake riƙe fitsari ba har abada.

Ƴan uwana mata, ladabi abu ne mai kyau, amma in an ce ki kwanta, ki kwanta, in kin motsa kuma ki faɗa tun ba a kunna ba. Ni a zagaye na biyu na gane haka. Tsohuwa ta shigo, ta dafa kafaɗata da ƙarfi, sannan ita ta durƙusa a gefen gadon, da gwiwoyinta masu ciwo.

"Kada ki tashi, ɗiyata," ta ce. "Ina kwana?"