Wasiƙar da Kawu Ya Karanta da Bakinsa

Ranar Asabar da ta wuce ina gasa masara a bayan gida, nan Dogarawa, sai na ji babban ɗana yana ƙyalƙyala dariya a falo. Wayarsa ce ke magana: wasu mutum biyu a irin shirin hirar nan na intanet, suna tattauna kokawar Turawa, wadda muke kira resilin. Da na leƙa, ashe ba sauraro kawai yake yi ba, rubutu yake zubawa a ƙasan shirin da manyan yatsunsa biyu. Ya ce ɗaya daga cikin masu gabatarwar ya cika girman kai, yau sai ya gaya masa maganar da za ta hana shi cin abinci. Na tsaya da ƙamshin masara a hancina. Ni ma na taɓa rubuta wa wani irin wannan maganar, kuma tawa ta yi aiki.

A Sabon Garin Zariya na tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu bayan layin dogo. Baba kafinta ne a reliwe, Mama tana sayar da ƙosai a ƙofar gida. Akwatin talabijin ɗaya ne a duk gidan, mai hoto baƙi da fari, na wani ɗan Ibo mai sayar da kayan mota. Ranar Lahadi idan an taso daga coci sai ya fito da shi baranda, maza su jera benci, mu yara mu zauna a ƙasa, a kalli ƙartin Turawa suna jefa juna. Da damina idan ruwa ya sauko kwanon rufi yakan hana a ji komai, amma ba mai tashi. Waɗannan dattawa, masu iyali da furfura, sun yarda da resilin fiye da yadda suka yarda da wa'azin safiyar ranar.

Amma gardamar gaske ba a kan 'yan kokawar ake yin ta ba. A kan mutum biyu ake yi, masu gabatar da wani shirin rabin awa a wani gidan rediyo a Kaduna, duk Asabar da la'asar. Ɗayan mai ihu ne. Idan ya ba da labarin karawar makon sai ka rantse a bakin filin yake tsaye, alhali shi ma a talabijin ya gani kamar mu. Ɗayan kuwa a hankali yake magana, yana tauna kowace kalma, kuma shi ne Kawuna, ƙanin Mama.

Kawu ɗaure tsofaffin littattafai yake yi a ɗakin karatu na jami'a a Samaru. A can ya riƙa karanta mujallun waje, ya san abin da sauran ba su sani ba, kuma bai iya ɓoyewa ba. Wata Asabar ya faɗa a rediyo cewa resilin shiri ne: an san wanda zai yi nasara tun kafin a shiga fili, kukan da suke yi da ɗingishin duk koya musu aka yi. Ya ƙara da cewa shirin ma gwaninta ce, ba kowa zai iya ba. Wannan ƙarin ba wanda ya ji shi. Daga ranar dattawan gidanmu suka sa shi a gaba.

Ku da ba ku zauna da masu son resilin ba, ba za ku gane yadda suke sanin halin mutum daga muryarsa ba. Telan gidanmu, wani Bayarabe da bai taɓa ganin mai ihun ba, ya ce ai wannan ɗan mutane ne, ko a murya ka san zai ci tuwo da kai a kwano ɗaya. Kawu kuwa, wanda tela ya ɗinka wa wando har sau biyu, ya zama mai baƙin ciki, mai hassada, ɗan boko mai ganin kowa jahili.

"Ni na ga jini da idona!" in ji mai kayan mota. "Which kain shiri? Jini fa!"

Da maganar ta kai kunnen Kawu sai ya tambaya, a hankali kamar kullum, yadda aka yi ya gane jini ne a akwati mai baƙi da fari. Mutumin bai yafe masa wannan tambayar ba har ya bar Zariya.

Baba ne ya fi kowa. Kun san ƙanin mata abokin wasa ne, miji yana da damar tsokanarsa ba a ce ya yi laifi ba. A cikin wannan damar Baba ya ɓoye ƙiyayyarsa. Yakan kwaikwayi muryar Kawu yana jan kalmomi har benci ya kusa kifewa don dariya, idan Mama ta ɓata rai ya ce, "Haba, wasa ne fa, ni da ƙanina." Ba wasa ba ne. Baba aji huɗu ya yi ya bar makaranta, kuma duk ranar da Kawu ya buɗe baki sai ya tuna.

Ni kuwa Kawu bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, gara in faɗa tun yanzu. Shi ya riƙe hannuna ya koya mini rubutu. Duk Lahadin farkon wata yakan hau bas daga Samaru ya zo da biro da littafin rubutu, ya kira ni Malama.

A daminar da na cika shekara goma sha ɗaya abubuwa biyu suka faru. Na farko, matar Kawu ta kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta, har labulen ƙofa ba ta bari ba. Wata rana da azahar ana ruwa Kawu ya shigo kicin ɗin Mama jiƙe sharkaf, ya zauna a kan turmi, ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka. Ina gefe ina tsintar shinkafa. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka haka ba, har da majina, har da shessheƙa. Mama ta dafa bayansa, ta juyo ta dube ni ta ce, "Abin da kika gani a nan ya tsaya a nan." Na ce to.

Na biyu, Kawu da kansa ya sanar a rediyo cewa za a rage shirin a bar mutum ɗaya, masu sauraro su rubuto wanda suke so. Kuma kowa ya san ƙa'idar Kawu: duk wasiƙar da ta zo hannunsa yakan karanta ta yadda take, ba ya tsallake ko kalma. Yakan ce wanda ya sayi kan sarki ya manna a ambulan ya sayi damar a ji shi. Rabin awar nan ita ce kaɗai abin da ya rage masa. Da sassafe yake tashi ranar Asabar ya goge riga ɗaya tak da ta yi saura mai kyau, ya tafi tasha.

Dattawa suka taru a gindin mangwaro, aka kira ni, domin duk gidan ba mai kyan rubutuna. Suna faɗa ina rubutawa. Muryar Kawu tana sa barci. Yana ji da kansa. Bai taɓa kayar da ko akuya ba amma yana raina maza. Aka karanta, aka ga duk tsofaffin zagi ne, ba wanda zai huda fata. Baba ya yi tsaki ya ce wannan ko a jikinsa.

Ba wanda ya tambaye ni. Wannan ne abin da na kasa gyarawa a labarin duk yadda na juya shi. So nake su yi mini dariyar da suke yi wa Baba, so nake Baba ya dube ni sau ɗaya kamar na iya wani abu. Sai na ce, "Ni na ga Kawu yana kuka." Na ba su labarin duka, har da turmin, har da majinar, ina kwaikwayon shessheƙar. Tela ya faɗo daga benci. Kuma jimlar da ta shiga wasiƙar ba su suka tsara ta ba, ni ce: "Kai da ka zauna a kan turmin yayarka kana kuka don mata ta gudu, gaya mana, naka kukan ma shiri ne?" Baba ya buga cinya ya ce, "Wannan 'yata ce!" Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Ni na kai wasiƙar gidan waya da ƙafata, ina tsallake kwatami ina waƙa.

Asabar ta biyu aka ɗora rediyon Baba a kan kujera a tsakar gida. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi, wata maƙwabciya tana gasa masara. Kawu ya karanta wasiƙu uku, sannan ya ce, "Wannan daga Sabon Gari, Zariya." Ya karanta maganar barci, ya karanta maganar akuya, mai ihun yana dariya a gefensa. Sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har mai kayan mota ya miƙa hannu zai bubbuga rediyon. Muka ji mai ihun, wanda dariyarsa ta ɗauke, ya ce, "Kai, a wuce wannan." Kawu ya ce, "A'a. Sun sayi kan sarki." Ya karanta ta har ƙarshe, a hankali, yana tauna kowace kalma, turmi da yaya da mata, duk Arewa tana ji. Da ya gama ya ce, "Mun gode. Rubutun yana da kyau."

Gidan ya kaure da ihu. Tela ya aika aka sayo mini lemon kwalba mai sanyi. Ina cikin sha na ɗaga kai na ga Mama a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Mutum uku ne a kicin ɗin ranar da Kawu ya yi kuka, ba sai ta tambayi kowa ba. Na jira duka, na ma roƙi Allah ta dake ni. Ta ce, "Sha lemonki," ta koma ciki.

Bayan mako biyu aka bar wa mai ihun shirin. Maganar kuma ta bi Kawu har Samaru. A kasuwa, a tasha, a bakin coci, sai wani ya ɗaga murya daga nesa, "Malam, shiri ne?" Ɗalibai da ba su san asalin zancen ba suka gaje shi, suka miƙa wa na bayansu. Bai ƙara aure ba, bai ƙara shiga gidan rediyo ba.

Amma Lahadin farkon wata sai ga shi da biro da littafi. "Malama, yaya makaranta?" Haka wata bayan wata, shekara bayan shekara. Ya gaisa da Baba, ya ci tuwon Mama. Shi ya yi jawabi a bikina har mata suka share hawaye. Shi ya riƙe wannan ɗan nawa ranar baftisma. Na gaya wa kaina ko dai bai gane ni ce ba, ko kuma ya yafe tuntuni, na zaɓi wanda ya fi mini sauƙi a kowace rana.

Shekara uku ke nan da muka binne Mama. Bayan an watse na raka Kawu Samaru a keke mai ƙafa uku, domin ƙafafunsa sun yi nauyi. A ɗakinsa mai warin gam da tsohuwar takarda na durƙusa na ce, "Kawu, wasiƙar nan ni na rubuta."

"Na sani tun daga ambulan," ya ce. "Ni na koya miki."

"Amma ka yafe mini, ko? Duk shekarun nan..."

Ya dube ni babu fushi, babu komai. "Yayata ta roƙe ni kada in sa ta zaɓa tsakanin 'yarta da ƙaninta. Na yi mata. Shekara talatin ina yi, ko sau ɗaya ba ki gane ba. Na gaya muku shiri ma gwaninta ce, kuka ƙi ji." Ya jawo sandarsa ya nuna mini ƙofa da ladabi. "Yanzu ta tafi. Ki gaida yara. Ba sai kin ƙara wahalar da kanki zuwa Samaru ba."

A zamaninmu kafin ka ci mutuncin mai magana a rediyo sai ka nemi takarda, ka sayi ambulan, ka taka zuwa gidan waya. Duk wannan lokacin na samu, ban juya ba, don haka ba ni da bakin cewa yaran yanzu sun fi mu mugunta. Sauri kawai suka fi mu. Na ce wa ɗana ya goge abin da ya rubuta. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ai irin waɗannan mutanen ba sa karantawa." Na ce, "Yana karantawa." Ban san ko ya goge ba, masarata tana ƙonewa a waje.

Kawu yana nan da ransa a Samaru, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga ƙofata. Duk Kirsimeti ina aika masa da shinkafa da kaza da 'yar takardar gaisuwa. Autata ce ke rubutawa. Ba na so ya ƙara ɗaukar ambulan ya ga hannuna.