Ranar da Shiru Ya Kusa Raba Kawu da Gogensa

Asubar Asabar muka baro Gwandu, sama ta haɗa hadari. A Kalgo muka shirya ɗan taron kiɗa na mutum huɗu: ɗalibi mai gogen Turawa, wata mai biyano, wani mai busa saksofon irin na 'yan jaz, sai na huɗun, kawuna mai goge da ke Masama. Shekara bakwai rabonsa da kiɗa a gaban mutane, tun da hannunsa ya fara rawa. Wata biyu na yi ina lallaɓa shi.

Da muka biya ɗaukarsa, ya fito da gogen naɗe cikin tsohon zani. Kafin ya shiga mota ya ce, "Ɗiya, in nig ga kiɗina bai motsa kowa ba, gogen ga ba ya komowa gida. Can za ni barinai." Kawu ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Kafin Ambursa ruwa ya ɓalle. Direbanmu yana kauce wa ramuka yana tsine wa tsadar mai, tagar baya kuwa ba ta rufuwa, duk muka jiƙe. Gero ya yi kyau a gonaki, amma ban ga kyansa ba, idona na kan zanin nan. A Birnin Kebbi Kawu ya buɗe ya ƙwanƙwasa fatar, sai ta yi wani sauti kamar an taɓa jiƙaƙƙiyar ƙwarya. Ta saki. Muka roƙi wata mai ƙosai ya gasa fatar a gefen murhunta, ta yarda, muka sayi ƙosai don kunya. Na ɗari biyu yanzu ko yaron goye ba zai ƙosar ba.

Mun isa Kalgo da hantsi. Zauren ƙarami ne, ya cika da ɗalibai da malamansu. A nan na yi wautata. Ni na rubuta doka na manna a ƙofa, kuma aka sanar kafin Kawu ya shigo: ba tafi, ba liƙi, ba guɗa sai an kai ƙarshe. Haka na ga ana yi a irin wannan taro, na ɗauka wayewa ce. Kowa na gaya wa ban da Kawu.

Biyano ta fara, gogen Turawa ya bi, sannan Kawu ya shigo. Wallahi ya yi kiɗi. Hannun da ke rawa wajen shan fura, a kan tsirkiya tsaf ya tsaya. Mai saksofon na amsa masa, tsigar jikina na tashi. Zaure tsit.

Sai na ga Kawu ya fara duban fuskoki. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Mutumin da ya saba kafin ya ja sau uku an rangaɗa guɗa, yau ga mutane sun ƙura masa ido ba mai ko gyaɗa kai. Ya ƙara wuta, ba motsi. Kiɗin ya fara sanyi, ya yi ƙasa, ya tsaya cak. Yaran suka ci gaba kaɗan, su ma suka tsaya. Kawu ya ɗora gogen a kan tabarma, ya tura shi gaba da yatsun ƙafa.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Tsuhwa ta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na tashi a gidan malamai, ban taɓa guɗa ba ko a biki. Na miƙe, na kama hanci, na saki wata irin ƙara da ni kaina ban san sunanta ba. Dariya ta ɓarke. Wata dattijuwa daga baya ta ce, "Ke, ba haka aka yi ba!" Ta rangaɗa ta gaske. Zaure ya ɗauka, ana tafi ana kiran mai goge.

Kawu bai taɓa gogen ba. Kallonmu kawai yake. Sai mai gogen Turawa ya durƙusa ya ɗauka, ya miƙa masa da hannu biyu. "Baba, an hana mu ne. Tun ɗazu ƙafata ke ƙaiƙayi."

"Wa ya hana ku?"

Duk suka juyo suna dubana.

Kawu ya karɓi gogen. Abin da aka tsara na minti ashirin sai da kiran azahar ya tashe shi.

A hanyar dawowa muka tsaya ajiye shi a Masama. Da ya sauka, gogen a hammata, ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗiya, mu shiru gawa aka yi ma." Na isa Gwandu bayan la'asar, kunya ba ta sake ni ba. Na koyi cewa kafin ka girmama mutum, ka tambaye shi yadda ake girmama shi a wurinsu. Ni da na je in mayar wa Kawu da gogensa, saura ƙiris in zama wadda ta raba su.