Malam Harisu Mai Pileksi da Allon da Ba a Ɓare Ba

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Harisu Alassani, wanda aka fi sani da Harisu Mai Pileksi, a unguwar Zango ta birnin Sokodé a shekarar 1958, shekara biyu kafin ƙasar Togo ta sami 'yancin kanta. Mahaifinsa, Alassani Djibril, direban babbar mota ne mai kai doya tashar jirgin ƙasa ta Blitta, mahaifiyarsa kuwa, Salamata, tana tuyar ƙosai a bakin tashar mota. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne cikin maza bai gaji tuƙi ba, domin tun yana ƙarami ba motar ce ke ɗauke masa hankali ba, rubutun da ke bayanta ne.

Karatu da Koyon Sana'a

Ya fara karatun allo a wajen limamin unguwarsu, sannan aka sa shi makarantar boko a 1965, ya kammala firamare a 1971, malamansa suna yi masa shaidar kyan rubutu da ƙarancin magana. A 1973 mahaifinsa ya sa shi a jirgin Blitta zuwa Lomé, inda ya shekara shida yana koyon rubuta allunan shaguna. A can ya fara taɓa pileksi, wato robar nan mai tauri da haske kamar gilashi, wadda a wancan zamanin da ƙaramin zarto ake yanka haruffanta ɗaya bayan ɗaya.

Pileksi yakan zo ne lulluɓe da takarda don kada ya karce. Ƙa'idar ubangidansu ita ce ma'aikaci ba ya ɓare takardar fuskar aiki. Wanda ya ba da aikin ne zai ɓare da hannunsa, kuma ranar da ya ɓare, ranar aiki ya ƙare. Harisu ya riƙe wannan ƙa'ida har ƙarshen rayuwarsa, riƙon da wasu ba sa yi wa farilla.

A wannan gidan sana'a ya haɗu da Bukari, ɗan ƙabilar Moba daga Dapaong, wanda Harisu ya girma da shekara biyu. Harisu gwani ne a zane, Bukari gwani ne a zarto da surutu. Ɗakinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya.

Buɗe Shago da Aure

A 1981 suka buɗe shagonsu a Sokodé, a bakin babbar hanyar da ta nufi arewa. Da yake pileksi ya fi ƙarfin su yi wa kansu ado da shi, sai suka rubuta allon shagon a kan katako da koren fenti, sunan Harisu a gaba, na Bukari a biye. Harisu ya auri Juwairiyya a 1983, Bukari ya auri Awa a shekarar da ta biyo, iyalan biyu suka zauna gida ɗaya, har maƙwabta suka daina ƙoƙarin bambance wane yaro ne na wane ɗaki.

Shekarun Tarzoma

Daga 1990 ƙasa ta shiga neman sauyin mulki, kuma zuwa ƙarshen 1992 yajin aiki ya tsayar da al'amura, zukata suka yi zafi, har mutane suka fara karanta sunan da ke kan allon shago don su ƙiyasta asalin mai shi da ɓangaren da yake. A Janairun 1993 Harisu ya ji raɗe-raɗin cewa za a bi hanya ana jifan shagunan baƙi. Tsoro ya kama shi, ba don kaya ba, don Bukari. Washegari bayan sallar asuba ya kafa tsani ya kankare sunan amininsa daga allon, bai shawarci kowa ba. Niyyarsa alheri ce, amma yana da cutar da ke damun masu shiru: yana zaton abin da ke zuciyarsa a rubuce yake a goshinsa.

Da hantsi Bukari ya iso, ya tsaya a gaban allon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Yaya Harisu, ashe ni ne baƙon?” Harisu ya ga idon jama'a a kansu, sai kawai ya ce, “Shigo ciki, ma yi magana.” Bukari bai shiga ba. Bayan kwana uku ya kwashe iyalinsa suka koma Dapaong.

Har tarzomar ta lafa ko tsakuwa ba a jefa wa shagon ba, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Harisu rai. A 1995 ya yi tattaki har Dapaong, aka ce masa mai gida ya tafi Cinkassé, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki. Ya yi sallama ya juyo, bai sake komawa ba. Matan kuwa ba su taɓa yanke zumunci ba: duk kaka Juwairiyya kan aika doya ta hannun direbobi, Awa ta aiko da albasa da daddawa, mazan suna ci suna yi kamar ba su san daga ina miyar ta yi daɗi ba.

Zuwan Injin Yanka

A 2012, bisa shawarar babbar 'yarsa Amira wadda ta karanci ilimin kwamfuta a Lomé, Harisu ya sayo injin yanka mai aiki da umarnin kwamfuta. Ana zana aiki a kwamfuta, a ɗaure faifan pileksi a kan teburin injin, sai siririn bakin ƙarfe mai juyawa ya bi zanen yana yanka ko sassaƙa, ba ya kauce wa layi ko da faɗin gashi. Abin da Bukari kan kwana uku yana yi da zarto, injin yakan gama shi tsakanin azahar da la'asar.

A watan farko Malam ya ɓata faifai huɗu, domin ya riƙa rage wa injin sauri don tausayi, kamar yadda ya saba lallaɓa zarto, sai bakin ya daɗe a wuri ɗaya ya yi zafi, robar ta narke ta manne masa kamar alewa. Amira ce ta gaji ta ce, “Baba, wannan fa ba jaki ba ne, ba ya gajiya. Tausayin naka ne ke ƙona aikin.” Ya ji kunya, amma ya ɗauki gyara. Kafin shekara ta zagayo, yana daga bakin ƙofa yake gane lafiyar yanka da kunnensa, kuma in ya ga ɓarɓashin ya fito fari tas kamar tsakin shinkafa ya san aiki ya yi. Kantunan magani da makarantu da masallatai daga Sotouboua har Kara duk suka koma wajensa.

Aikin farko da injin ya fitar lafiya ba na kowa ba ne. Allo ne mai tsawon kamu biyu, wanda ya sa Amira ta sassaƙa rubutunsa ta baya, ya zuba fenti a cikin sassaƙar, ya rufe bayan da katako, ya bar takardar fuskar yadda take. Ya rataye shi a saman injin. Duk wanda ya tambaya, amsarsa ɗaya ce, mai shi bai zo ba tukuna.

Ƙaura Zuwa Dapaong

A watan Agustan 2017 zanga-zanga ta sake tashi, kuma a wannan karon Sokodé ce ta fi jin jiki. Zuwa Oktoba shaguna a rufe suke, jama'a da yawa sun bar gari, Malam kuma ba shi da inda zai ɓoye inji mai girman gado. Juwairiyya ba ta nemi izininsa ba, ta kira Awa a waya. Amsar da ta dawo daga bakin Bukari ita ce, “Inji ya zo. Shi bai yi mini komai ba.”

Harisu ya ce ba zai bar injin ya yi tafiya shi kaɗai ba, kowa kuma ya gane. Sun isa Dapaong a farkon Nuwamba, suka tarar an share rabin shagon Bukari an ja wayar lantarki, an kuma yanka zabi fiye da abin da inji zai iya ci. A tsakar gida, a gaban matan biyu, Harisu ya faɗi maganar da ya shekara ashirin da huɗu bai faɗa ba, ya nemi gafara. Bukari ya ce ai tun 1994 Awa ta gaya masa dalilin, daga bakin mai tsanin yake jiran ji. Dattawan biyu suka yi kuka, ba su ɓoye ba.

Sannan Harisu ya miƙa masa allon ya ce ya ɓare. Bukari ya shafa takardar, ya ce, “Yaya, ni ma ubangidanmu ɗaya, na san ƙa'ida. In na ɓare, aiki ya ƙare, ka ɗauki injinka ka koma Sokodé. Bar shi haka.” Aka rataye shi a rufe.

Shekarun Ƙarshe

Ko da Sokodé ta lafa, Malam bai koma ba, sai ziyara. Ya bar wa ɗansa Salahuddeen tsohon shagon. Amira tana kan kwamfuta, shi yana kan inji, Bukari yana goge gefen haruffa yana ba abokan ciniki labarin da ba su tambaya ba. Kowace Sallah Harisu kan gargaɗe shi cewa takarda in ta daɗe a jikin pileksi ƙanƙamewa take yi, shi kuma ya ce ta ƙanƙame. Juwairiyya ta shaida cewa tun aurensu ba ta taɓa jin yawan dariyar mijinta kamar a waɗannan shekaru ba.

Rasuwa

Allah ya karɓi ran Malam Harisu a Dapaong da safiyar Juma'a, 12 ga Maris 2021, a ƙarshen watan Rajab, bayan jinyar mako biyu, yana da shekara sittin da uku. An yi masa sallah bayan an sauko daga Juma'a, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta garin, Bukari na cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Ya bar matarsa Juwairiyya da 'ya'ya biyar: Amira, Salahuddeen, Husseina, Karim, da autansu da aka haifa a 1994, wanda ya raɗa wa suna Bukari.

Bayan addu'ar uku Bukari ya sauko da allon. Kamar yadda marigayi ya faɗa, takardar ta ƙanƙame. Kwana biyu ya yi yana jiƙa ta da kananzir yana bi da farce, bai yarda kowa ya kama masa ba. Da ta fita sai ga koren fenti irin na 1981, sunan Bukari a gaba, na Harisu a biye, an sassaƙa su a cikin jikin robar, inda ba mai iya kankare ɗaya sai ya fasa allon duka. Ya goge shi da hannun rigarsa, ya dubi Amira ya ce, “Kawo tsani, 'yata. Babanki ya gama aiki.”

Allah ya jiƙan Malam Harisu, ya haskaka makwancinsa, ya kuma rubuta sunansa inda ba a kankarewa.