Ƙamshin da Aka Wanke

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, direban tasi a unguwar Hindawiyya, can kusa da Harami, kuma har yau in na ga itace mai sheƙi sai gabana ya faɗi.

Yaya ya daina shan taba tun kafin furfura ta fito masa, amma bai rabu da lofe ba. Duk ranar da ya kai fasinja Jidda, sai ya ratse zuwa kasuwar gwanjo ya tono tsofaffin lofe na ƙasar Ireland, waɗanda aka sassaƙa da saiwar wani itace mai tauri da wuta ba ta saurin ci. Yana gane su da zoben azurfar da ke wuyansu. Yakan zauna a ɗakinsa na unguwar Jarwal yana goga lofe a gefen hancinsa, wai maiƙon fuska ne ke fito da zanen itacen. Mu kuwa dariya muke yi masa, muna cewa mutum a gindin Harami ya rasa abin tarawa sai kayan hayaƙin Turawa.

Dokarsa ita ce: kada ruwa ya taɓa su, kada a kankare baƙin da ke cikinsu. Ya kan ce wannan baƙin shi ne shekarun mai lofen na farko.

Da ya rasu, aka rushe layinsu, yanzu otal ne a wurin. Akwatin da yake ajiye lofen ya koma hannun ɗansa Faisal, wanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Na sha roƙonsa ya ba ni, yana cewa sai an jima. Ba kuɗi nake nema ba. Ƙamshin nan na tsohuwar taba da maiƙon fuskar Yaya nake so in sake shaƙa, domin shi kaɗai ya rage da ban binne ba.

Bana ya kawo mini akwatin har gida a unguwar Mansur, yana murmushi, yana kirana baffa da Larabci.

"Ya ammi, khalas, an gama, na gyara maka su. Warinsu aib ne a gida. Na jiƙa su da sabulu, na kankare, na turara da oud."

Garin neman gira an rasa ido. Wasu sun tsage, sauran sun yi fari fat kamar ƙashi. Ban yi masa faɗa ba, don da zuciya ɗaya ya yi, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa dokar ubansa.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai gane? Ba ɗakinsa, ba layinsa, ba harshensa a bakin jikokinsa. Raina ya ɓaci, kuma ban ga ranar da zai gyaru ba.

Allah Ya jiƙan Sale. Bayan Faisal ya tafi na ɗauki lofen da Yaya ya fi so, na goga shi a gefen hancina yadda yake yi, na shinshina. Ƙamshin kantin turare na ji.