Man Zaitun a Layin A

Cikin duk ayyukan da na yi a Kafanchan, ranar da ba ta fita daga raina ita ce ranar da aka zo duba santar kwamfuta ta Madam Rifkatu. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a kamfanin da ke ja wa mutane layin faiba na intanet. Madam tsohuwar malamar makaranta ce, ta tattara duk abin da ta samu na ritaya ta zuba a ɗakin kwamfutoci, tana neman a ba ta izinin yara su riƙa rubuta jarrabawa a wurinta. Sharaɗin masu dubawa ɗaya ne: in suka zo netwok bai tsaya daram ba, sai kuma baɗi.

Ga wanda bai sani ba, faiba zaren gilashi ne, sirantarsa kamar gashi, haske ke bi ta cikinsa da saƙo. Babban abokin gabarsa a garinmu gireda ce mai gyaran hanya. Shi ya sa muka ja wa Madam layi biyu, ɗaya ta hanyar Kagoro, ɗaya ta wajen layin dogo, muka haɗa su a wani ɗan akwati mai maɓalli. In layin A ya mutu, sai ka murɗa da hannu zuwa B, kamar yadda ake juyawa daga wutar gari zuwa janareta. Akwatin ba ya cin wuta, ba ya kuma tunani. Abu ɗaya yake so, kan wayar ya zauna tsaf, ko yatsa kada ya taɓa shi.

Ina cikin haɗawa ranar Asabar, mahaifiyar Madam, Mama Saratu, ta ja kujera ta sa ni gaba. Shugabar zumuntar mata ce a cocinsu, ba ta barin abu ya wuce ba ta gane shi ba.

"Yarona, wannan ƙaramin waya, mene yana bi ciki?"

"Haske ne, Mama."

"Haske? Ta ina yana shiga?"

Na zare kan layin A na nuna mata ɗigon gilashin, na mayar. Ta gyaɗa kai a hankali. Na gwada A, na gwada B, duka lafiya lau, na kama hanyar gida ina jin kaina gwani.

Litinin da safe mai dubawa ya iso da jakarsa da fuskar da ba ta san dariya ba. Aka kunna komai. Shiru. Madam ta dube ni. Na kuwa san abin da matar nan ta zuba a wurin. Na duƙa bayan akwatin, sai wani ƙamshi ya bugi hancina. Layin A yana ta sheƙi.

Na murɗa maɓalli zuwa B. Kwamfutoci suka farka ɗaya bayan ɗaya. Mai dubawa ya ce ai abin da yake so ya gani ke nan, wurin da ke da layin ko-ta-kwana, kuma ma'aikacin ya san lokacin juyawa. Ya sa hannu ya tafi.

Bayan tafiyarsa na tambaya ko wani ya taɓa akwatin. Mama ta ce ba wanda ya taɓa, ita dai bayan sujada jiya ta kawo matan zumunta sun yi addu'ar keɓewa.

"Kai ka ce nan ne haske yana shiga. To nan na sa man zaitun. Ɗayan ma na so sa, ya ƙi fita."

Na kwashe yamma ina goge A da sifirit. Madam na tsaye a kaina, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, daga baya ta yi duka biyun.

Lahadin da ta biyo Mama ta ba da shaida a coci cewa addu'a ta tsayar da netwok daram, ta kuma sa na miƙe aka tafa mini. Ban musa ba. Ni ma dai addu'ar nake yi lokacin da na murɗa.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan ba a shiga sabon abu sai an yi masa addu'a, kuma hanawa ba aikinka ba ne. Ku da kuke tasowa, in kun gama haɗa akwati, ku liƙa ɗan tef a kan murfin, ku kira tsohuwar gidan, ku nuna mata da ladabi cewa nan ne ake shafawa.