Ƙafar Baba Mai Ƙarfe Biyu

Bayan ciwon suga ya cinye ƙafar Baba ta hagu, aka yi masa ta ƙarfe. Sandar ta alminiyam ce, mahaɗin idon sawun na taitaniyam, an liƙe su da hasken lesa tun daga masana'anta, ɗinkin siriri kamar zare. Baba bai damu da wannan bayani ba. Shi dai ya samu ya yi sallar Juma'a a tsaye cikin sahu a Kurfi, kada a ajiye masa kujera kamar baƙo.

Da ƙafar ta tsage a mahaɗin, ina Dutsin-Ma ina karatun ƙarafa. Na zo gida na ce a jira a mayar wa waɗanda suka ƙera ta. Na ce zafin da zai narka taitaniyam ya riga ya mai da alminiyam ruwa, shi ya sa ake amfani da lesa, wutarta tsinin allura ce. In zafi ya yi yawa, tsakaninsu wani ɓawo ke fitowa mai ƙarfi a ido, amma ƙaramin nauyi kan ɓalle shi.

Sai ga maƙwabcinmu mai walda ya shigo gaisuwa. Shi ya yi mana ƙofar gida, shi ke gyara garmar shanunmu.

"Alhaji, kawo ta nan, ƙarhe ai ƙarhe ne," in ji shi. "Don Allah zan yi."

A garinmu ba a mayar da hannun maƙwabci. Baba ya dube ni, ya kwance ƙafar ya miƙa masa. Ta dawo da tulin walda baƙi ƙirin, kowa na cewa yanzu ma ta fi ƙwari.

A ruku'u ta karye. Ina gefensa, na ji ƙas, na tare shi da kafaɗa. Ya ƙarasa sallar a zaune. Da mai walda ya zo jaje, Baba ya ce masa aikinsa ba laifi, jiki ne ya yi nauyi.

Masu ƙera ƙafar suka ce wadda wuta ta taɓa ba ta gyaruwa. Kafin wata ƙafar ta samu, ciwon ya kama ta dama.

Yanzu aikina ke nan: in liƙa alminiyam da taitaniyam, in sa inji ya ja su har su rabu, don a gwada ƙwarin liƙin. Abokan aiki kan zabura in ya yi ƙas. Ni ba na jin komai, sai in ɗauko na gaba.